Sharhi kan MuseScore 4 daga hannun mai koyon celo

Celo nake gogawa da yamma idan na taso daga aiki a Samaru, wato babban gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake ɗaurewa a kan sautukan C, G, D da A. A Zariya da wuya mai koyo ya sami masu biyolin biyu da mai biyola (ƙananan gogunan Turawa) da za su cika huɗu tare da shi, shi ya sa na koma ga MuseScore 4, manhajar rubuta kiɗa ta kyauta da ta fito a Disambar 2022, tare da sautukanta na Muse Strings waɗanda aka naɗa daga hannun makaɗa na gaske. Sauke sautukan yana cin data, amma sau ɗaya ake yinsa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne manhajar tana bin alamomin da aka rubuta mata. Idan aka jera sautuka kurum, kiɗan zai fito a shimfiɗe, ba rai. Mai celo kuwa ya san izga tana da iyakar tsawo, kuma hannu ya fi nauyi a gindinta fiye da a tsininta, saboda haka dogon sauti ba ya zama a kan ƙarfi ɗaya. Yanzu kafin in rubuta jimla sai na fara goga ta, in lura da inda nake juya izga, sannan in ja alamar haɗe sautuka daidai wurin, in ƙara alamomin ƙaruwa da raguwar ƙarfi. Nan take kaurin muryar tsirkiyar C yake fitowa kusa da yadda nake jinsa a ƙirjina. Idan aka rubuta pizz. kuma, sai ta koma taɓa tsirkiya da yatsa, kuma sautin yana da tsabta.

Akwai abin da kwamfuta ba ta kai gare shi ba tukuna, wato zamewar yatsa tsakanin sauti da sauti yadda mai goge ko kukuma yake yi, har da ƙarar ƙaro a jikin izga. Wannan sai da hannu.

Babban amfaninta a wurina shi ne atisaye: ina kashe muryar celo, in rage saurin kiɗan, in goga nawa ɓangaren tare da sauran ukun. Wanda yake kiɗa da kunne kaɗai zai buƙaci ya fara koyon karanta rubutun kiɗa kafin ya ci moriyarta.