Ruwan wanke jijiyar haƙori: wanne ya dace asibiti ya saya?

Idan likita ya buɗe haƙori zai cire jijiyar da ta ruɓe, ruwan da yake wanke ramin da shi ya fi ƙarfen gogewa yin aiki. Sai dai duk ruwan da ke kashe ƙwayoyin cuta yana iya kashe naman mutum idan ya zarce ƙarshen saiwa. A nan zaɓin yake.

Sodiyam haifokulorayit, sinadarin da ke cikin bilicin wanki, shi ne gwani, kuma babu na biyunsa. Shi kaɗai ne a cikin ruwayen da za a ambata a nan yake narkar da ragowar jijiya da mataccen nama. Tun 1915 masanin kimiyya Henry Dakin ya haɗa shi a kashi 0.5 cikin 100 don wanke raunukan sojoji. A asibitin haƙori ana amfani da shi daga kashi 0.5 har zuwa 6. Gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon narkarwarsa, haka kuma gubarsa ga nama. Kashi 2.5 zuwa 3 ya wadatar, muddin ana sabunta shi a kai a kai. Haɗarinsa yawanci daga hannu yake: allura ta maƙale a rami, aka danna da ƙarfi, ruwan ya fita bayan saiwa. Nan take majiyyaci zai ji zafi mai tsanani, kunci ya kumbura, jini ya biyo ramin, daga baya fata ta yi baƙi-baƙi. Don haka a haɗa da allura mai ɓuli a gefe, mai lambar kauri 27 ko 30, a tsaya milimita 2 zuwa 3 kafin ƙarshen rami, a danna sirinji a hankali da ɗan ali maimakon babban yatsa. Robar kare baki, wadda ake ware haƙorin da ita don kada ruwan ya zuba a baki, kuwa dole ce.

Sauran ruwayen kuwa, kulohezidin kashi 2 yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya narkar da komai. Sinadarin EDTA kashi 17 ɗan rakiya ne, minti ɗaya a ƙarshe don ya ɗauke dattin da gogewa ta shafe a bango. Ruwan gishiri ba ya cutar da kowa, har da ƙwayoyin cutar. Kada a bar kulohezidin ya haɗu da haifokulorayit a rami ɗaya, domin suna yin wani guda-guda mai ruwan ƙasa da ke toshe ramin ya rine haƙori; a wanke da ruwan gishiri a tsakani.

Babbar matsala tana wajen saye. Haifokulorayit yana rasa ƙarfi idan ya sha zafi da haske, kwalbar da ta yi watanni a shago rana na dukanta tana iya rasa ƙarfi alhali takardar jikinta na nan daram. Wasu 'yan kasuwa kuma bilicin wanki suke ɗurawa a kwalba, su manna takarda, su ce na asibiti ne. Irin wannan ba ka san ƙarfinsa ba, wani har da turare a ciki, kuma idan ya fi abin da aka rubuta, fuskar majiyyaci ce za ta faɗa maka. A duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi shi. Kwalba ta zama wadda haske ba ya ratsawa, murfinta a like. Wadda aka rubuta kashi da biro a jiki, a mayar wa mai ita. A sayi ƙanana maimakon jarka guda, a ajiye wuri mai sanyi, wanda aka tsarma kuma kada ya kwana.