Wata uku ina koyon Turanci a bakin jaruma mai rufe fuska

Ƙanena ne ya saka mini wata manhajar koyon Turanci a waya, da ya gaji da ganina ina haddar kalmomin Turanci a jere, in riƙe yau, jibi su gudu. Karatu ba ya ba ni wahala sosai, amma da an zo magana sai bakina ya yi nauyi. Yanzu wata uku ke nan ina buɗe ta kusan kullum, kuma na kai ƙarshen labarin da aka gina ta a kansa.

Labari ne na zane mai babi 24. Tauraruwarsa ma'aikaciyar jinya ce da rana, da dare kuma ta rufe fuska ta fita ceton mutane, domin tana da baiwar tsayar da lokaci na daƙiƙa goma. Maganganun suna cikin 'yan da'irori a saman kawunan masu magana. Kalmar da ta shige maka duhu sai ka taɓa ta, ma'anarta ta fito cikin sauƙaƙƙen Turanci, tare da murya mai furta ta.

Da farko kalmomin jarumta ne suka ɗauke mini hankali: "villain", mugun da ke cikin labari, "sidekick", na hannun daman jarumi, "disguise", ɓad-da-kama. Na ji daɗin yadda ake kawo asalin wasunsu. Ashe "villain" daga Latin ta fito, ta bi ta Faransanci, kuma ma'anarta ta fari ma'aikacin gona ne a gandun mai hali. Rainin da masu dukiya ke yi wa talaka ne ya ja kalmar har ta koma nufin mugu. Haka "kryptonite", dutsen nan da ke karya ƙarfin Superman, jarumin da ya fara fitowa a 1938. Dutsen ya fara bayyana ne a wasan rediyo a 1943, amma yau mai jin Turanci yakan kira duk abin da yake lagonsa da wannan suna. Sanin haka ya buɗe mini kunne, don na sha jin kalmar ban gane inda aka dosa ba.

Sai dai ba nan ribar take ba, kuma sai da na yi nisa na fahimci hakan. Sau nawa mutum zai buƙaci "sidekick" a shekara? Abin da ya zauna mini daram shi ne ƙananan aikatau masu tafiya da 'yar kalma a bayansu, waɗanda suka daɗe suna ba ni ciwon kai. Ka ɗauki "give up". Ƙamus zai ce maka ta farko bayarwa ce, ta biyu sama, amma in sun haɗu sai su zama sarewa ko miƙa wuya, babu ta inda za ka hango hakan daga sassan. Na haddace ta ya fi a ƙirga a baya, ba ta taɓa zama ba. A babi na tara gini ya rufto wa jarumar, daƙiƙunta goma sun ƙare, abokin aikinta yana tona ɓaraguzai da hannu yana kiran "Don't give up!" Tun daga ranar ban sake neman ma'anarta ba. Idan na ji ta, ƙurar nan nake gani da hannunsa da ya yi jini.

Haka "take off" ta zo sau biyu a babi guda: sau ɗaya ta cire abin rufe fuskarta, sau ɗaya jirgin mugun ya tashi. Kalma ɗaya, aiki biyu, kowanne da hotonsa. "Break in", "get away", "show up", "turn into", duk ta wannan hanya suka shiga. Har "invisible" da "invincible", da nake cakuɗawa shekara da shekaru, sun rabu: akwai yaron da ba a ganinsa, akwai ƙaton da ba a cin galaba a kansa, kuma ranar da suka yi karo ba mai mantuwa ba ce.

Bita ma an tsara ta da kyau. Kalmar da ka taɓa takan dawo maka washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, tazarar tana ƙaruwa muddin kana amsawa daidai. Dabara ce tsohuwa; tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa. Abin da ya bambanta a nan shi ne katin bita yana zuwa da zanen wurin da ka gamu da kalmar, ba ita kaɗai tsurarta ba.

Akwai abubuwan da suka ɓata mini rai. Duk maganganun da manyan baƙaƙe aka rubuta su, kamar yadda aka saba a littattafan zane, to mai koyo ta ina zai san cewa sunayen ranaku da watanni da harsuna da babban baƙi suke farawa a Turanci? Muryar kuma ta na'ura ce, ihu da raɗa duk sautinsu ɗaya, abin da ke kashe wa labarin armashi. Sannan an rubuta cewa labarin matakin B1 ne, wato hawa na uku a ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, amma daga babi na 15 sababbin kalmomi suka yi yawa, har na koma taɓa kalma a kowane layi. Masu bincike kan koyon harshe suna cewa sai mutum ya san kimanin kalma 98 cikin 100 kafin ya karanta rubutu cikin natsuwa ba tare da taimako ba. A waɗannan babuka na san ban kai haka ba, kuma na ji a jikina.

Wanda ya fi damuna shi ne Turancin na faɗa ne da gaggawa. Umarni ya yi yawa, ladabi ya yi kaɗan. Za ka iya cewa a gudu, a tsaya, a saki wance, amma neman alfarma ko ba da haƙuri cikin girmamawa sai ka nemo su a wani wuri. Ga jaruma mai aiki a asibiti, da an ba mu ko da babi biyu na yadda take lallashin majiyyata, da an cike wannan giɓi.

A makon jiya ana tambayar wani abokin aikinmu da bai halarci taro ba, sai na ji bakina ya ce "He didn't show up", ban tsaya fassarawa a zuci ba. Na koma babi na ɗaya, wannan karon na kashe muryar na'urar, ina karantawa a bayyane da tawa.