Sharhi kan Canon EF 50mm f/1.8 STM da filashin Godox TT600 wajen ɗaukar hoton fuska

Mai son ɗaukar hoton mutane, da zarar hannunsa ya fara faɗawa, gilashin da ya zo da kyamararsa, wato lens ɗin 18-55mm da ake ɗaurawa a gabanta, yakan fara yi masa kaɗan. Yana son fuska ta fito tas, abin da ke bayanta kuma ya narke, amma gilashin 18-55mm ba ya ba shi hakan. Kayan da na yi aiki da su kuma zan yi bayaninsu a nan biyu ne: gilashin Canon EF 50mm f/1.8 STM, da filashin Godox TT600 tare da farar laima da ake harba haske ta cikinta don ya yi taushi. Hukuncina tun daga farko shi ne dukansu sun cancanci a mallaka. Sai dai wanda aka fi yabo a cikinsu, wato gilashin, ba shi ne ya fi sauya kamannin hoto ba. Hasken ne.

Canon ya fitar da wannan gilashi a 2015, ya maye gurbin EF 50mm f/1.8 II da ke kasuwa tun 1990. Nauyinsa giram 160, bakinsa na ɗaukar tacewa (filta) mai faɗin 49mm, kuma gindinsa da ke shiga kyamara na ƙarfe ne, saɓanin na baya da yake roba. Fukafukan ƙofar haske 7 ne masu lanƙwasa, a maimakon 5 na tsohon, shi ya sa fitilun da ke bayan mutum suke fitowa kusan a kewaye ko an ɗan tsuke ƙofar. Yana kama saiti daga nisan santimita 35. Masu kyamarar Canon marar madubi ta jerin R suna iya ɗaura shi da mahaɗin EF-EOS R, ko su nemi ɗan'uwansa RF 50mm f/1.8 STM da ya fito a 2020.

Babban abin da yake bayarwa shi ne yawan haske. Gilashin 18-55mm idan an zuƙo shi zuwa ƙarshe, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa). Wannan kuwa yana kaiwa f/1.8, wato hasken da ke shiga ya kusa ninki 10. ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke ƙara hasken hoto, kuma a ɗakin da sai an kai ISO 3200 kafin hoto ya fito, da shi ISO 400 ya wadatar, fata kuma ta fito sumul babu tsaki-tsakin nan da ke ɓata inuwa. A kyamarorin Canon masu ƙaramar sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), irin su 250D da 850D da 90D, ana ninka tsawon gilashi da 1.6, don haka 50mm yana kama filin da 80mm zai kama a babbar sensa. Wannan tsawo ya dace ƙwarai da hoton kai da kafaɗa.

Dalilin dacewar ya kamata a fahimce shi, domin ana yawan ɗora wa gilashi laifin da ba nasa ba. Abin da ke kumbura hanci ya ƙanƙance kunnuwa kusanci ne. Idan kyamara tana rabin mita daga fuska, hanci ya fi kunne kusa da ita sosai, sai ya fito ƙato, ko da wane gilashi aka ɗauka. Amfanin 50mm a ƙaramar sensa shi ne yana tilasta wa mai ɗauka ja da baya: a nisan mita 1.5, da kyamara a tsaye, hoton yana kama tsayin kusan santimita 65, daga saman kai zuwa ƙirji, kuma fuska tana zama yadda ido ya saba ganinta. Wannan alherin yana da tsadarsa. Hoton mutum tun daga kai har ƙafa yana buƙatar ja baya kusan mita 4.5, kuma ƙananan ɗakuna ba su da wannan fili. Wanda yawancin aikinsa a matsattsen wuri ne, ko yana ɗaukar mutum uku huɗu tare, 35mm zai fi yi masa hidima.

Yanzu ga wurin da masu sabon gilashin nan suke tuntuɓe. Kowa yana so ya bar shi a f/1.8 koyaushe don bayan ya narke, sai hotuna su riƙa fitowa da gashin ido ko kan hanci a tsaye, ƙwayar ido kuma da dishi-dishi. Lissafin ne bai bari: a f/1.8, nisan mita 1.5, faɗin wurin da ke fitowa tas bai wuce santimita 6 ba. A mita 1 ya koma ƙasa da santimita 3. Mutum ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fita. Mai ɗauka ya ja numfashi ya ɗan yi gaba, an rasa duka biyun. Ƙari a kan haka, gilashin kansa bai kai ƙarshen kaifinsa a f/1.8 ba. Hoton yana da ɗan laushi, kusurwoyi suna duhu, kuma inda farin abu ya haɗu da baƙi, kamar bakin farar riga a kan wuya, ana ganin siririn layi mai launin shunayya. Da an tsuke zuwa f/2.8 duk wannan yana raguwa ƙwarai, faɗin saiti ya kai kusan santimita 10, a f/4 kuma kusan 14. Ni dai f/2.8 nake ɗauka a matsayin mazauninsa na gaskiya, f/1.8 kuma ajiya ce ta lokacin da haske ya yi ƙaranci. Wanda ke tsoron rasa narkewar baya, ya matsar da mutumin mita 3 daga bango. Tazarar nan tana yin aikin da buɗe ƙofa ke yi ba tare da an sadaukar da ido ba.

Wajen saiti, a zaɓi ɗigo guda a ɗora shi kan idon da ya fi kusa da kyamara. Dabarar kama saiti da ɗigon tsakiya sannan a karkatar da kyamara don gyara tsari tana aiki a f/5.6, amma a kusa da f/1.8 wannan karkatarwar kaɗai tana tura saitin bayan ido. Idan kyamara mai madubi ce kuma saitin kullum yana faɗawa gaba ko baya, a gwada ɗauka ta allon baya, domin a nan sensar da kanta ce ke duba kaifi. Ƙananan kyamarori da dama ba su da wurin gyara wannan kuskure a cikin saitinsu, allon bayan ne mafita.

Akwai wasu ƙananan halaye nasa da ya kamata a sani. Ba shi da na'urar hana girgiza, don haka kada saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe yayin ɗauka, ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, 1/200 ma ya fi ga yara. Zoben saitin hannu ba ya haɗe da gilasan ciki kai tsaye, lantarki ne ke isar da juyawar, idan kyamara tana kashe ba ya motsa komai. Hancinsa kuma yana fitowa waje idan an saita kusa, saboda haka a mayar da saiti nesa kafin a kashe a saka jaka, kada a danne shi. Injinsa yana ɗan ƙara da makirufon kyamara ke ɗauka a bidiyo. Hularsa mai tare hasken gefe, ES-68, ba ta zuwa a cikin kwali, kuma tana da amfani idan rana na bayan mutum.

Sai haske. Godox TT600 filashi ne na hannu zalla, ba ya auna haske da kansa, mai shi ne ke zaɓar ƙarfi daga 1/1, wato cikakken ƙarfi, zuwa 1/128. Yana cin batir AA guda 4, launin haskensa fari ne wajen 5600K a ma'aunin launin haske, kuma yana da rediyon 2.4GHz a cikinsa, wanda shi ne ainihin darajarsa: ana ɗora tiriga, wato na'urar da ke tayar da filashi daga nesa, irin X2T-C a kan kyamara, a kai filashin inda ake so, a sauya ƙarfinsa daga nesa. Rashin awon kai da kai ban ɗauke shi aibi ba a hoton fuska. Muddin mutum da fitila ba su motsa ba, hoto na farko da na hamsin haskensu ɗaya, ko an sauya riga daga fara zuwa baƙa. Gargaɗi guda: wasu ƙananan kyamarorin Canon, irin su 250D da 4000D, ba su da ƙarfen tsakiya a mazaunin filashi, kuma ta nan TT600 ke karɓar umarni. Idan an ɗora shi kai tsaye ba zai tashi ba, sai a tabbatar tirigar da za a saya ta dace da kyamarar.

Kada ma a ɗora shi kan kyamara yana kallon fuska. Hasken da ya fito daga ƙaramin wuri, daga saitin gilashi, yana share duk inuwar da ke ba fuska siffa, ya bar ƙyalli a goshi da baƙar inuwa a bango. Taushin haske ya dogara ne da girman inda yake fitowa idan an kwatanta da mutumin, don haka farar laima mai faɗin kusan santimita 85 tana sauya komai. Tsarin da nake farawa da shi: laima a gefe, kusan digiri 45 daga kyamara, nisan mita 1 daga fuska, tsakiyarta sama da ido kaɗan tana kallon ƙasa. Kyamara a 1/160, f/4, ISO 200, filashi a 1/8. A ɗauki gwaji a duba abu biyu. Na farko inuwar hanci: ta zama gajera, ta gangara gefe zuwa kusurwar baki. Idan ta miƙe a kwance kan kunci, fitilar ta yi ƙasa. Idan ta taɓa leɓe, idanu kuma suka faɗa duhu, ta yi sama da yawa. Na biyu, ɗan farin ɗigon da ke cikin ƙwayar ido: ya kasance a sashen sama na idanun duka biyu. Fuskar da ba ta da wannan ɗigo tana fitowa a mace komai kaifin hoton. A ɗaya gefen kuma a riƙe farin kwali rabin mita daga kunci don ya mayar da haske cikin inuwa.

Nisan fitila yana da ka'ida da ba ta sauyawa: an ninka nisa, haske ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Laimar da ta ba da daidai a mita 1 da ƙarfin 1/8, a mita 2 sai 1/2, kuma hasken ya ƙara tauri domin laimar ta ƙanƙance a idon fuska. Wannan ka'ida ita ce kuma hanyar sarrafa bango. Fitila kusa da mutum, mutum nesa da bango, sai farin bango ya koma toka-toka ko ma baƙi ba tare da an rataya komai ba.

Baƙar fata tana da buƙata ta musamman, kuma a nan laima ta fi nuna amfaninta. Siffar fuska mai duhu tana fitowa ne daga sheƙin da ke kwance a goshi, kunci da doron hanci. Ƙaramin haske yana mayar da sheƙin nan fararen tabo masu ƙuna, babban haske na kusa yana shimfiɗa shi ya bi lanƙwasar fuska a hankali. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara ƙarfin filashi har fatar ta yi fari-fari ta rasa launinta. Gara a matso da laima, a goge gumi da maiƙo da tishu kafin ɗauka, a kuma kunna gargaɗin ƙonewar haske a allo. Idan riga fara ce, a ɗaga laimar ta fi kusa da fuska fiye da ƙirji, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don a samu damar ceto zaren rigar daga baya.

Matsalolin da ke tasowa ba su da yawa kuma kowacce da sanadinta. Baƙin layi a gefen hoto yana nufin shata ta wuce saurin da take daidaita da filashi, wanda a yawancin ƙananan Canon 1/200 ne. Gefen fuska ɗaya ruwan lemo, ɗayan fari, yana nufin ƙwan ɗaki mai ɗumi, wajen 2700K zuwa 3000K, ya gauraya da filashi, sai a kashe ƙwan. Hoto ɗaya da haske na gaba duhu yana nufin an danna kafin filashi ya cika, domin a cikakken ƙarfi yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2.6 da batir masu caji, fiye da haka idan sun fara sanyi. Harbi 30 a jere a 1/1 kuma yana sa shi rage gudu don kare kansa daga zafi. Saboda haka ya fi a ɗaga ISO zuwa 400 a zauna tsakanin 1/8 da 1/4. Mai tabarau, a ɗaga fitilar ko ya ɗan sunkuyar da kai har laimar ta fita daga gilashinsa.

A waje iyakarsa ke bayyana. Cikin rana tsaka, ISO 100 da 1/200 suna neman kusan f/11, kuma TT600 ta cikin laima ba ya da ƙarfin yin gogayya da wannan sai an manna shi da fuska. Tiriga tana ba shi damar aiki da shata mai sauri fiye da 1/200, amma hakan yana cinye ƙarfinsa da yawa. Tacewar rage haske mai mataki 3, faɗin 49mm, tana dawo da f/11 zuwa f/4 ba tare da an taɓa shata ba, kuma ta fi wannan hanya. Mafi sauƙi dai a shigar da mutum inuwa, rana ta zama a bayansa tana haska gefen kai, filashi ya cika fuska. A ɗaura nauyi a ƙafar fitilar, domin iska kaɗan tana kayar da laima, kuma gindin filashin ne ke fara karyewa.

Wanda ba zai iya ɗaukar duka biyun lokaci guda ba, ya dubi inda yake ɗauka. Idan yana da babbar taga da rana ba ta shigowa kai tsaye, ya fara da gilashin, ya zaunar da mutum mita 1 daga tagar tana gefensa, ya sa farin kwali a ɗaya ɓangaren. Idan kuwa aikinsa da dare ne ko ɗakin ba shi da taga mai kyau, ya fara da filashi, laima, ƙafa da tiriga, ya zuƙo gilashinsa na 18-55mm zuwa 55mm a f/5.6, ya ɗaga ƙarfin filashi zuwa 1/4.