Rega Brio bayan wata bakwai: amfilifaya mai ɗumi da ba ta haɗiye sauti

Na fi shekara ina neman amfilifaya ta tiransisto, wadda ake cewa solid-state, mai ɗumin murya amma kuma kar ta haɗiye min ƙananan sautukan da ke cikin waƙa, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ai dole ka zaɓi ɗaya, ko ɗumi ko tsabta, in kana son ɗumi ka je ka sayi mai bawul, wato mai aiki da kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo maimakon tiransisto. Ni kuma ba na son hidimar canja bawul da jiran su yi zafi, so nake in danna in zauna kawai.

Abin da ya sa na fara neman shi ne tsohuwar amfilifayata, ba zan ambaci sunanta ba, tana fitar da komai ɗaya bayan ɗaya kam, amma in na yi minti arba'in ina saurare sai in ji kunnena ya gaji, duk inda mawaƙiya ta furta harafin "s" sai ya soke ni kamar allura, har na lura hannuna kullum yana kan rimot ina rage murya ba tare da na sani ba. Wannan ba tsabta ba ce, tirebul ne kawai, wato siririn sautin sama, ya yi yawa, kuma mutane da yawa suna rikita biyun. Haka shi ma ɗumi, wasu in sun ce ɗumi suna nufin bes ya kumbura ya rufe komai kamar an lulluɓe sifika da bargo, ni ba shi nake nufi ba. Ɗumin da nake so shi ne muryar mutum ta fito da jiki, ka ji ƙirjinsa ba maƙogwaro kaɗai ba.

A ƙarshe na tsaya kan Rega Brio, samfurin 2017. Kamfanin na Ingila ne, tun 1973 suke, an fi saninsu da garmaho mai juya faifai. Ƙarama ce, faɗinta kusan rabin na sauran amfilifayoyi, tana ba da ƙarfin wat 50 a kowane ɓangare, hagu da dama, a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), Class A/B ce, wato tsarin da tiransistocin ke karɓa-karɓar aiki, tana da ramin hedifon a gaba da wurin jona garmaho mai kan allura irin na MM, wato moving magnet, a baya. Ba ta da maɓallin bes ko tirebul, ba ta da DAC a ciki, wato na'urar da ke mayar da kiɗan dijital sautin da amfilifaya za ta iya karɓa, don haka in daga kwamfuta ko talabijin kake jin kiɗa sai ka tanadi DAC daban, ni dama ina da shi shi ya sa bai dame ni ba.

Daren farko na sa wani faifai da na ji ya fi sau ɗari, mace ɗaya da jita, wallahi kafin ta fara baiti na biyu na ji ta ja numfashi, na ji yatsan makaɗin yana zamewa kan tsirkiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, abubuwan nan suna nan a tsohuwar ma amma can turo min su ake a fuska, nan kuwa suna zaune a inda ya kamata, a bayan muryar, in ka nema ka samu in ba ka nema ba ba su dame ka ba. Harafin "s" ɗin nan ya dawo na mutum. Sai da na ji faifai uku a jere ban taɓa rimot ba. Kuma ba malalaciya ba ce, in ganga ta shigo tana da kuzari, bes ɗin yana tashi ya tsaya a kan lokaci, ba ya jan ƙafa, har ka tsinci kanka kana kaɗa kai.

Kafin in yanke shawara na saurari wasu biyu. Marantz PM6007 mai wat 45 ta burge ni, tana da laushi, ga DAC a ciki ga maɓallan bes da tirebul, wanda ke son akwati ɗaya ya gama masa komai to ita zan nuna masa ba tare da wani tunani ba, ni dai kuzarin Brio ne ya fi jan hankalina. Sai Sugden A21, wadda asalinta tun 1967 ne, Class A zalla, wat 23 kacal, gaskiya muryar mutum a kanta wani abu ne daban, har yau ina tuna ta. Sai dai Class A haka take, tiransistocin kullum a kunne suke ko ana kiɗa ko ba a yi, shi ya sa take zafi sosai take kuma jan wuta, ni kuma a cikin kabad nake ajiye kayana inda iska ba ta da yawa. Ita Brio ma tana ɗan ɗumi in ta jima tana aiki, na bar mata sarari a sama ba na ɗora mata komai.

Maganar wat kuwa kar ta ruɗe ka, daga wat 50 zuwa 100 bambancin 3dB ne kawai (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), abin dubawa shi ne sifikarka. Nawa 88dB ne, wato ƙarar da suke fitarwa da wat ɗaya, om 8 kuma, a matsakaicin falo, ban taɓa kai maɓallin murya rabi ba. Amma in naka 84 ko 85dB ne kuma suna sauka ƙasa da om 4, ga babban ɗaki, to ka duba yayarta Rega Elex ko wata mai ƙarfi. Sannan in sifikarka dama mai kaifin tirebul ce kar ka sa ran amfilifaya za ta gyara komai, ni sai da na matsar da nawa kamar taku ɗaya daga bango na shimfiɗa kafet a gabansu kafin bes ya daina gunji, wannan aikin ɗaki ne ba na Brio ba. In da hali ka ari amfilifayar ka kawo gida, ka jona ta da sifikunka, ka sa waƙoƙin da ka haddace a muryar da ka saba ji da dare, ka ba ta awa biyu cur ka ga ko hannunka zai nemi rimot.