Saitin shimfiɗar tebur na Sallah: abin da ya yi min da wanda bai yi ba

Masu tambaya a kan saitin kayan tebur ɗin nan mai zanen jinjirin wata da fitila, wanda shagunan kayan kicin ke kawowa duk in azumi ya matso, to ni dai na saya a wani shago da ke hanyar Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, na yi Sallah da shi, yanzu ina da bakin magana. A cikin kwalin akwai babban ƙyallen tebur ruwan madara, da doguwar shimfiɗar tsakiya koriya mai zaren gwal, da ƙananan shimfiɗu na ƙarƙashin faranti guda 6, da adikon goge hannu 6. Farantan tangaran masu bakin gwal daban ake sayar da su, amma a nan shagon na haɗa.

Mai shagon kam ya san sana'arsa. Kafin ya sauko min da komai sai da ya ce, "Hajiya, kin auno teburin?" Da ma na zo da awon a waya. Teburin mutum 6 yawanci tsawonsa wajen santimita 180 ne, faɗi 90, shi kuma ƙyallen ana so ya sauko kamar santimita 20 zuwa 30 ta kowane gefe, kun ga ke nan wanda za ki nema shi ne mai 230 da 140 ko kusa da haka. In ya wuce nan kujera za ta riƙa takewa, ga yara masu rarrafe, ɗaya ya kama gefe ya ja shi ke nan kular miya ta taho ƙasa. Wannan bayanin kawai ya sa na ji zan iya komawa wajensa.

Babban ƙyallen roba-roba ne, poliyesta, ba ya yamutsewa sosai kuma yana saurin bushewa, amma wallahi ba ya shiri da mai ko kaɗan. Mu kuma abincin Sallarmu ai mai ne, miyar taushe da manja, waina, funkaso, soyayyen nama. Ɗigo ɗaya na miyar taushe a kan ruwan madarar nan daga ƙofar falo za ki hango shi. Abin da ya fitar min shi ne na ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a wurin tun bai kwana ba, na murza a hankali na bar shi ya ɗan jima sannan na wanke, kuma kar ki kuskura ki sa dutsen guga a kan tabon da bai gama fita ba, zafi zaunar da shi yake yi. Daga baya na sayi farar leda mai garai-garai ɗin nan da ake yankawa a yadi na ɗora a sama. Ta rage masa kyau kaɗan gaskiya, amma hankalina ya kwanta, sai dai ba a dire mata tukunya mai zafi.

Doguwar koriyar nan ta tsakiya kau ita ce kuɗin saitin gaba ɗaya. Tana da nauyi, ɗinkin bakinta ya zauna, in hasken fitila ya sauka a kan zaren gwal ɗin da dare abin sai wanda ya gani. Da hannu nake wanke ta.

Ƙananan shimfiɗun ne ban ji daɗinsu ba, sun yi ƙanana kuma santsi gare su, kana yankan nama farantin na tafiya. Na ajiye su na ɗauko faifayenmu na kaba masu kala, na sa a ƙarƙashin kowane faranti, na zuba tuwon shinkafa a akushi na ajiye a tsakiya, fura da nono a ƙwarya da ludayinta a gefe. Duk wadda ta shigo sai ta tambayi inda na samo faifan, ba wadda ta tambayi adiko. Baƙin akushi a kan koren ƙyallen nan ya fi duk wata kula mai ƙyalli tsari a idona.

Farantan suna da kyau ba laifi, sai dai kwanon miyarsu ƙarami ne, na mutanen da ke ɗan taɓa miya ne ba irin namu da tuwo ke iyo ba. Bakin gwal ɗin ƙarfe ne, don haka ba a sa su a maikirowef, tartsatsi suke yi, kuma soson ƙarfe yana kankare shi. Kofi ɗaya ya zo da tsaga a hannu, da na mayar sai da aka ɗan ja magana kafin su canza, ku buɗe kwali a gabansu ku duba ɗaya bayan ɗaya. Yara kuma na roba nake ba su.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, wurin mutum 6 a Sallar Katsina me zai yi? Daga an sauko idi gida ya cika, ana dawowa daga kallon hawa a Ƙofar Soro wasu sun shigo, washegari ranar Hawan Bariki ma haka, 'yan yawon Sallah ba a magana. Ni teburin na mayar wurin jera abinci, kowa ya zuba ya samu wuri a kafet. Su Baba da ma ba sa hawa kujera su ci abinci, sai na shimfiɗa masu leda a ƙasa na ɗauko koriyar na ratsa ta tsakiya na jera masu nasu a kai, kuma ya yi kyau sosai.

Kuɗinsa ba sauƙi, musamman a goman ƙarshe da kowa ke rububi, gara tun Sha'aban. Zanen watan ma na azumi da Sallah ne, in suna ko walima ta taso ba zai shiga ba. Na tambaye su ko za su sayar min da koriyar ita kaɗai in ƙara ɗaya, suka ce sai dai saiti, wannan kam ya kamata su duba.