George Floyd da Ahmaud Arbery: inda suka yi kama da inda suka rabu

Malam, ka tambaya ko kisan George Floyd da na Ahmaud Arbery duk abu ɗaya ne, tunda dukansu baƙar fata ne kuma a Amurka aka kashe su a 2020. Sun yi kama, amma hannun da ya yi kisan daban ne.

Shi Floyd, wani ɗan sanda ne cikin kaki ya kashe shi. Ranar 25 ga Mayu a Minneapolis, kan zargin jabun dala 20, Derek Chauvin ya danne masa wuya da gwiwa sama da minti tara. Washegari aka kore shi daga aiki, kwana huɗu da kisan aka kama shi, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 22 da rabi.

Arbery kuwa, ɗan shekara 25, gudun motsa jiki ya fito ranar 23 ga Fabrairu a wata unguwa kusa da Brunswick a jihar Jojiya. Gregory McMichael da ɗansa Travis suka ɗauki bindigogi suka bi shi a mota, maƙwabcinsu William Bryan ya bi bayansu yana ɗaukar bidiyo. Travis ya harbe Arbery. Hujjarsu wai sun zaci ɓarawo ne, kuma wata dokar jihar ta 1863 ta yarje wa farar hula ya kama mai laifi. Ba makami a hannun yaron, ba kayan sata. Duk wanda ya tuna mafarautan nan 16 da 'yan banga suka tare a Uromi a 2025 ya san inda irin wannan zato yake kaiwa.

Ni na Arbery ya fi ci mini rai, saboda shirun da ya biyo baya. Kwana 74 ba a kama kowa ba. Gregory tsohon ɗan sanda ne, ya kuma yi aikin bincike a ofishin mai gabatar da ƙara na yankin, wato 'yan gida ne suke duba maganar ɗan gida. Har wani mai gabatar da ƙara ya rubuta cewa babu dalilin kama su. Sai da bidiyon ya fito ranar 5 ga Mayu, duniya ta gani, sannan aka kama uban da ɗan bayan kwana biyu.

A 2021 Jojiya ta soke waccan dokar. Su ukun kuma an yanke musu ɗaurin rai da rai, wata kotun tarayya ta ƙara samun su da laifin farautar Arbery saboda launin fatarsa.