Zanin gado na haɗin ƙyallaye daga atamfar biki: me za ki saya, kuma yadi nawa?

Kusan kowace mace a Yamai tana da su a ƙasan akwati: atamfar 13 ga Mayu ta bara da ta bara waccan, ta 8 ga Maris, ankon auren ƙanwa, da ragowar ɗinkin Sallah da tela ya maido a leda. An sa su sau ɗaya ko biyu, shekarar da aka buga a jiki ta wuce, fita da su ya zama da nauyi, yarwa kuma ba ta yiwuwa. Ta 13 ga Mayu ma wa zai yar? Ranar ce ta tunawa da tattakin da mata suka yi a 1991, suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Shi ya sa mata suke kawo mini su shago, a haɗa musu zanin gado irin wanda suka gani a waya, na ƙyallaye da ake jerawa gida-gida. Yawancinsu sai sun riga sun yi sayayya suke zuwa, kuma a nan ake asarar kuɗi.

Kafin ki taka Babbar Kasuwa ko Wadata, ki auna abu biyu: katifarki, da faɗin tambarin da ke jikin atamfar. Samfuran da ake samu a intanet galibi daga Amurka suke, da inci aka rubuta su, kuma da gadajensu aka auna. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Gadon da suke kira na sarauniya faɗinsa santi 152 ne, tsawonsa 203, alhali katifar mutum biyu da aka fi sani a nan 140 ce da 190. Ƙyallen bukukuwansu kuma ƙananan zane gare shi, 'yan kabewa da 'yan taurari da bishiyar Kirsimeti, ko an yanka shi santi 10 hoton yana nan. Namu ba haka yake ba. Tambari ne babba, da rubutu zagaye da shi, wani ya fi tafin hannu biyu. Ki bi samfurin yadda yake, ki tarar kin raba fuskar mutum biyu, rabin taswirar Nijar yana gabas rabi yana yamma.

Don haka tambarin ne zai faɗa miki girman gida, girman gida kuma shi zai faɗa miki yadda za ki sauya samfurin. Hanya uku ce.

Ta farko ita ce ƙara yawan gidaje, girmansu yana yadda yake. Babu lissafi mai wuya, amma aiki ne ja. Katifa 140 da 190, idan kina son zanin ya sauka santi 30 dama da hagu da wajen ƙafa, kina neman 200 da 220. Da gida mai santi 20, gidaje 110 ke nan, goma a kwance sha ɗaya a tsaye. Wannan ta dace da mai tarin ƙananan ƙyallaye na ragowar ɗinkin Sallah, waɗanda zanensu furanni ne ko ɗigo-ɗigo.

Ta biyu, ƙara girman gidan kansa, ita nake zaɓa wa atamfa mai tambari. Gida mai santi 25 zai ba ki takwas a kwance tara a tsaye, 72 ke nan, zanin ya fito 200 da 225. A nan ne kuma mutane suke faɗawa rami. Abin da ake ninkawa shi ne girman gida bayan an ɗinke, sannan a ƙara abin da ɗinki zai ci, wanda shi ba ya girma ba ya raguwa. Idan ɗinkinki yana cin santi ɗaya a kowane gefe, gida mai 10 ana yanka shi 12. Kina son ninka shi, sai ki yanka 22, ba 24 ba. Wata ɗiyar yayata da nake koya wa ɗinki ta yanka 24 ɗin har gida ɗari, zanin ya fito da rarar santi 20 yana sharar ƙasa. Ta ce, “Inna, ai ninkawa kika ce in yi.” Ban iya yi mata faɗa ba, don ni ma da haka na koya. Idan samfurin yana da gida mai kusurwa uku, wanda ake raba murabba'i ta tsakiya a karkace, santi 3.5 za ki ƙara maimakon 2. Mai son kai samfur wajen fotokofi kuma ta raba sabon girma da tsoho ta ninka da ɗari: daga 20 zuwa 25, kashi 125 ke nan. Amma ta yanke gefen ɗinkin daga takardar tukuna, ta zana shi da hannu bayan an buga.

Ta uku ita ce ta mai ƙaramin jari: a bar gidajen yadda suke, a yi musu katanga ta yadi marar zane a tsakani, a kewaye duka da baki mai faɗi. Wadda zane ɗaya tak ya rage mata, wannan ce tata. Ni a idona ma ta fi kyau, don atamfar biki surutu gare ta, tana son maƙwabci mai shiru.

Yanzu sai yadin da za a saya. Turmi yadi 6 ne, kusan mita biyar da rabi, zane uku ke nan, faɗinsa kuma tsakanin santi 115 da 120. Zane ɗaya, in an yanka shi jere ba zaɓe, zai ba da murabba'i 24 masu santi 27. Amma idan kina bin tambari kina yanke shi a tsakiyar gida, wannan lissafin ya rushe. Ki shimfiɗa atamfar, ki ƙirga cikakkun tambura da yatsa, ki bar waɗanda bakin yadi ya gutsure. Zani mai gida 72, rabi tambari rabi marar zane, yana son tambari 36 da yadi 3 na marar zanen. Bayan zanin kuma turmi guda zai rufe shi, a yanka tsawo biyu a haɗa. Ki ƙara rabin yadi a kan kowane lissafi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko.

Wace iri? Atamfar biki da ake bugawa don rana ɗaya yawanci mai fuska ɗaya ce, bayanta fari-fari, ba kamar ta kakin zuma ba wadda rininta ke ratsa ciki da waje. Ba laifi ba ne, tun da bayan a ciki zai ɓuya. Matsalar ita ce wata akwai roba a cikinta, wata kuma sakwa-sakwa ce, sitaci ne ya riƙe ta. Ki zaro 'yan zaruruwa daga baki ki kusantar da ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Na taɓa sayen turmi wajen wani ɗan kasuwa, na ce, “Alhaji, ba ta zuba dai ko?” Ya ce, “Hajiya, ko a kogin Kwara kika kwana da ita.” Wanki ɗaya, jan ya bi farin da na haɗa shi da shi, aikin mako biyu ya koma ruwan hoda. Tun daga nan da farin tsumma nake zuwa kasuwa, in jiƙa shi in goga a gefen yadin a gaban mai shi.

Holan ta Vlisco, da Uniwax ta Abijan, da GTP ta Gana, saƙarsu a matse take, suna jure wanki, amma in ki sayo sabon turmin Holan ki yayyanka shi gida-gida, wannan almubazzaranci ne. In ragowa ce daga ɗinki, to madalla. Na Sin irin su Hitarget sun fi sauƙin kuɗi, kuma don bayan zani sun wadatar. Shadda tana jan ido, na sani. Sai dai ƙyallinta na danƙo da bugu ne, ruwa yana tafiya da shi, rinanniya tana zuba, kuma inda allura ta huda ya huda ke nan, in kin warware sai ramukan su zauna. Leshi da mai duwatsu da mai ruwan zinariya ki bar wa riga, zanin gado kullum cikin murza yake. Abokin haɗin da ya fi shi ne fallen auduga marar zane mai kauri daidai da atamfar. In ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ɗinkin yana tattarewa, mai raunin ya riga yagewa.

Abin da za a sa a tsakiya, tsakanin fuskar zanin da bayansa, yanayin garin ne zai yanke hukunci. A Yamai watan Afrilu zafi yana haura 40, ɗari kuma na Disamba da Janairu ne kawai, shi ma da dare. Audugar roba mai kauri da samfuran waje ke faɗa, zani ne da zai yi wata goma a ninke a kan akwati. Audugar katifa ta kasuwar Katako dunƙulewa take in an wanke. Ni ko dai in bar shi falle biyu kawai, ko in sa siririn zanin gado na auduga daga gwanjo, wanda ya riga ya sha wanki ya gama tsukewa. Kakanninmu ma da luru da gwado suka yi ɗarinsu.

Abu ɗaya da nake dubawa kafin almakashi ya taɓa yadi: rubutun da ke jiki. Wanda ke ɗauke da sunan Allah ko aya ba ya hawa gado, balle a zauna a kai. Mai hoton ɗan siyasa kuma ki tambayi maigida tukuna, kada zani ya jawo gardama a ɗaki. Sauran rubutun duk su kalli gefe ɗaya, yadda mai tsaye a wajen ƙafar gado zai karanta.

Ki wanke komai daban-daban kafin yanka, ki goge, ki cire takardar shaidar da ke manne a turmi da dutsen guga mai ɗumi don kada gam ɗin ya zauna. Allura lamba 14 ta isa, zare kuma ruwan toka yana ɓacewa cikin kusan kowane launi. In tela za ki kai wa, ku yi ciniki a kan yawan gidaje, domin mai 110 da mai 72 girmansu kusan ɗaya ne amma wahalarsu ba ɗaya ba. Kuma kada ki kawo shi a goman ƙarshe na azumi ko ana jajibirin Layya. Ni kaina in kin kawo mini a lokacin, ƙarƙashin tebur zai kwana har sai an ci naman Sallah an gama.